Wa Ya Ce Muku Man Nan Ba Ya Ƙarewa?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, na taso daga shago zan koma gida sai na tarar an tare titin unguwarmu. Na ɗauka haɗari aka yi, ashe rakiyar amarya ce. Wani yaro da bai wuce sa'an ɗana na fari ba ya tsaya tsakiyar kwalta yana taka totur, mota na juyi a wuri guda, taya na ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, abokansa sun kewaye shi da wayoyi suna ihu. 'Yan babura kuma sai murɗa totur suke yi kamar an aiko su. Wata tsohuwa mai ƙosai da ƙyar ta janye kaskonta. Kusan minti ashirin na yi a tsaye ina shaƙar ƙaurin roba, raina na tafasa.

Ƙannena, ban hana ku murnar biki ba. Mu ma mun yi aure, an kaɗa mana kalangu har dare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne man nan da kuke ƙonawa a tsaye, ba asibiti za ku ba, ba kasuwa ba, ko gidan amaryar ma ba ku nufa ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Manomin rani a Kura da kwalba yake auna man injin ban ruwa, yana lissafin kwana nawa tumatir zai jure ƙishirwa. Mai a-daidaita-sahu in ya zo gangare kashe inji yake yi. Kai kuma ka ari motar yayanka, ka zuba man bashi, ka mai da shi hayaƙi don a ɗora ka a TikTok. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

In ka yi magana sai su ce ai ƙasarmu ƙasar mai ce, ga matatar Dangote ma ta fara aiki. Ganin hadari kenan ya sa wanka da kashi. A Oloibiri ta jihar Bayelsa aka fara samun mai a ƙasar nan a 1956, kuma tun shekarun 1970 aka tattara aka bar wajen. Man nan shekaru miliyoyi ya ɗauka yana taruwa a ƙarƙashin ƙasa, duniya kuma tana shanye ganga wajen miliyan 100 a kowace rana. Rijiya in ka yashe ta damina za ta cika ta. Wannan kuwa ba daminar da ke mayar da shi. Kuma kusan duk abin da muke tinƙaho da shi na zamani a wuyansa yake rataye: takin yuriya daga iskar gas ake yin sa, tirelar da ke kawo masara Dawanau dizal take sha, hatta silifas ɗin ƙafarka daga mai ya fito.

Ni na ga yadda masana'anta ke mutuwa. Kawuna a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, Kaduna. Yana ba mu labari in jiniya ta busa, ma'aikata kan kekuna sai sun cika titi. Da wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, ɗaya bayan ɗaya aka garƙame ƙofofi. Ku zaga Sharada da Bompai a Kano ku ƙirga gine-ginen da ciyawa ta cinye. A Oktoba 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro, fiye da mako guda Arewa na cikin duhu. Masu walda suka zauna, injinan casar shinkafa suka tsaya, ƙanƙara ta gagari talaka. Wallahi a cikin kwanakin nan ma sai da na ji ƙarar wasan mota a bayan layinmu. Wannan wane irin rashin tunani ne?

Ga kuma hayaƙin. Kowace lita ta fetur in ta ƙone tana sakin fiye da kilo biyu na iskar da ke ɗumama duniya. Na sani, manyan masu laifi su ne Amurka da Sin da Turai, rabon Afirka gaba ɗaya bai taka kara ya karya ba. Amma a kanmu abin ke fashewa. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, yau masunta na noma a inda iyayensu suka jefa taru. Kun tuna zafin azumin 2024. Kun ga Maiduguri a Satumbar shekarar, da madatsar Alau ta ɓalle, mutane a kan rufin gidaje. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ruwa ake shafa wa naka, ku kuwa fetur kuke shafawa. Ban ma taɓo masu sare itatuwa suna loda buhunan gawayi a tirela ba, ko waɗanda ke kwana da janareta don kallon ƙwallon da suka zuba kuɗin caca a kai. Duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu. Mahaifiyata ana idar da sallar isha'i take rage lagwanin fitilar ƙwai, kwalbar kananzir guda sai ta kai mu mako. Ashana ma ba a ƙyasta ta a banza, yaro ake aika maƙwabta ya ɗebo wuta a kasko. Kakana ko reshen gawo ya ga ka sara a gonarsa sai ka sha bulala. Ba wanda ya karanta musu sauyin yanayi. Sun dai ji malam ya ce an hana ɓarnar ruwa a alwala ko da a bakin kogi kake, sun ji ayar da ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, kuma suna jin kunyar a gan su suna ɓarna. Kunyar nan ce ta tafi. Yanzu ɓarnar ce abin ado, har uwar ango tana guɗa a bakin ƙofa. Ku yi wa kanku faɗa, samari. Iyaye ma su daina miƙa makulli suna kau da kai.

Washegarin rakiyar amaryar nan da safe na bi ta wajen, zanen taya baƙi ƙirin yana nan a kwalta, tsohuwa ta dawo da kaskonta. Can gaba na ci karo da ɗaya daga cikin 'yan baburan jiya yana tura babur ɗinsa, gumi na zuba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, don Allah a taimaka da na rabin lita."