Maiƙon tukunyarmu ma yana cikin masu toshe kwatar Legas

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan rumfunan masu abinci a Agege ko Idi-Araba wajen ƙarfe goma na dare ya san abin da ake yi. An sauke tukunyar ƙarshe, yara sun ja baho bakin kwata suna dirzar tukwane. Idan an gama, ruwan nan mai jan manja a sama, da guntun tuwo da kitsen kayan ciki, sai a tuntsurar da shi cikin lambatu. Da ɗuminsa yake gangarawa, shi ya sa mai zubarwa yake ganin sun rabu. Taku kaɗan a gaba ruwan ya huce, kitsen ya daskare ya manne a bango, leda ta zo ta maƙale, yashi ya hau kai.

Akwai wata Hajiya da na daɗe ina cin tuwonta. Ranar da na fara yi mata wannan magana dariya ta yi. Ta ce, "Haba ɗan nan, ruwa ne fa. Ruwa kuma ina hanyarsa in ba kwata ba?" Da damina ta kankama, ruwa ya shigo mata rumfa har ya kashe murhu. Washegari muka ɗaga murfin kwatar. Na sa sanda na caka, sai na ji ta tsaya. Wani farin abu ne mai tauri kamar tsohon sabulu, kaurinsa ya kai tafin hannu, ya cinye rabin hanyar ruwan. Hajiya ta leƙa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ba ta ƙara cewa komai ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2017, a unguwar Whitechapel ta Landan, an tarar da dunƙulen kitse da tarkace a magudanar ƙarƙashin ƙasa mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250, aka yi makonni ana farfasa shi. To can suna da manyan bututu a binne. Mu nan yawancin gidaje da sokawe suka dogara, ruwan wanke-wanke kuwa buɗaɗɗiyar kwata yake bi zuwa kanal, daga nan ya faɗa lagun, babban tafkin nan na Legas. Garin ga shi a kwance dab da teku, ruwa ba ya gudu sai da lallashi. Idan kwata ta cika ta tumbatsa, cikin shago take shiga, cikin rijiya take shiga. Wanda ya ga kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Maganin da gwamnati take nema a wurin masu abinci shi ne tarkon maiƙo, kuma sunan ya fi abin girma. Akwati ne ko ɗan rami da aka shafe da siminti, a raba cikinsa da shamaki. Ruwan wanke-wanke ya shiga ta gefe ɗaya ya ɗan natsu. Maiƙo ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya taso sama, guntun abinci ya nutse ƙasa, ruwan tsakiya ya fice ta ɗaya bututun. Shi ke nan. Mai walda zai iya ƙera ƙarami da rabin duro. Inda gizo ke saƙar shi ne kwashewa. A garuruwa da dama ƙa'idar ita ce da zarar maiƙo da laka sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin tarkon, a kwashe, don daga nan ya daina kama komai. Mai sheƙa masa tafasasshen ruwa da omo don ya narke kuwa, ya tura matsalar ƙofar maƙwabcinsa ne kawai.

A nan ina bayan gwamnati, ko da wasu 'yan uwa za su ji haushina. Dokar muhalli ta jihar ta 2017 ta hana zuba gurɓataccen ruwa a magudanar jama'a, kuma hukumar kare muhalli ta jihar, wato LASEPA, da ofishin kula da gurɓataccen ruwa na jihar sun sha garƙame gidajen abinci a Lekki da Victoria Island kan irin wannan laifi. Kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab ba ya ɓoye aikin, hotunan yake sakawa a intanet. Mai cewa wannan rigimar manyan otal ce ya tuna da Oktoban 2023, lokacin da aka rufe kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta, tumatir da tattasai suna ruɓewa a mota. Ya kuma tuna da Janairun 2024, da aka wayi gari an haramta farar robar zuba abinci. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Sai dai akwai tambayar da garƙame ƙofa ba ya amsawa. Hajiya ta sa tarko, ta kwashe bokiti guda na kitse, ina za ta kai shi? Idan ba a tanadi mai karɓa ba, cikin dare zai koma kwatar da aka hana, ko ya faɗa hannun marasa tsoron Allah su tace su mayar kasko. Sannan yawancin masu tuwo da masa da tsire haya suke yi. Wa zai fasa daɓe ya haƙa rami, mai rumfa ko mai gida? Kuma ba daidai ba ne a auna mai tukunya uku da mudun da ake auna gidan abinci mai kujera ɗari biyu. Hukuma ta fito ta faɗi girman tarkon da ya dace da ƙaramar rumfa, ta faɗa da Hausa da Yarbanci da Burokan, a rediyo da bakin kasuwa. Idan aka bar ƙa'ida a duhu, mai zuwa dubawa ne zai riƙa yanka farashinta a bakin ƙofa.

Mu ma ba sai mun zauna jira ba. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da shugabannin kasuwa, kuma mun iya adashi. Rumfa shida a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su gina tarko guda a inda ruwansu yake haɗuwa. Kafin wanki a kankare tukunya, a goge maiƙon da tsohuwar jarida a jefa a shara. Man da aka gama suya da shi a juye a jarka. Ranar kwashewa ma ba sai an ƙirƙiro ba, tunda dama kowace Alhamis da safe kasuwannin Legas a rufe suke har ƙarfe goma don tsafta.

Hajiya dai ta kira mai walda, yanzu rabin duro na nan a bayan rumfarta. Makon jiya na tarar da bokiti biyu cike da daskararren kitse a gefe, an rufe su da kwali. Tana zuba min miya ta nuna su da ludayi ta ce, "To malam mai rubutu, ga su nan. Ka tambayo mana mutanen gwamnati na Alausa inda za mu kai."