Tayil da fenti ba sa ɗauke gida daga unguwarsa

Makon jiya na raka ƙanina ganin wani gida a cikin lungu a Tudun Wadan Zariya. Gidan na san shi tun yana ginin ƙasa mai zaure. Yanzu an rushe zauren an kafa get, an manna tayil har jikin katanga, an ɗora dogon rufin nan na yayi, falo ya sha silin da fitilu kamar ɗakin amarya. Da aka zo batun kuɗi, dillalin ya faɗi abin da ya ninka farashin gidan da ke manne da shi, wanda faɗinsu ɗaya, aka kuma sayar bara. Hujjarsa ɗaya tak: "Alhaji, ka san nawa buhun siminti yanzu?"

Na sani mana. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, har buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024. To amma mai saye ba rasit ɗin siminti ya zo saya ba. Wannan sabuwar sana'a da ta shigo Zariya, a sayi tsohon gida hannun magada da ke gaggawar rabon gado, a yi masa kwaskwarimar wata biyu, a lissafa duk abin da aka kashe a ɗora riba a kai, an gina ta ne kan tunanin cewa kuɗin da ka zuba shi ne darajar gida. Ba haka ba ne.

Unguwa ce ke yanka wa gida farashi. Ɗaki a Samaru ko bai taɓa ganin fenti ba yana da mai haya, domin Jami'ar Ahmadu Bello na nan tun 1962, ɗalibai da ma'aikata ba sa yankewa. Kango a GRA ya fi gidan bene a lungun da mota ba ta shiga, saboda faɗin fili da takarda. Wanda sabon titi ya bi ta ƙofarsa ya ga gidansa ya yi daraja bai sayi ko ƙusa ɗaya ba. Shi kuwa gidan da muka gani, ka fito daga falonsa mai sheƙi, ƙafarka ta farko a kwata za ta sauka. Mai kuɗin da ake nema Hanwa ko GRA zai nufa, wanda kuma ya yarda ya zauna a lungun ba shi da kuɗin.

Da a kan mai gyaran kaɗai asarar za ta tsaya, da ban ɓata tawada ba. Maƙwabta ne ke kwana a ciki. Da zarar an ji kuɗin da aka sa wa gidan, ko ba a saye shi ba, kowane mai gida a layin sai ya ɗaga kai. Magada su ƙi tayin da ya dace, gida ya shekara a kulle yana zubewa, 'yan uwa na ta rigima. Mai gidan haya ya ƙara wa malamin firamare kuɗi, wai unguwa ta ci gaba, alhali banɗakin nan ne dai na shekara ashirin.

Sai kuma ɓarnar da ido ke gani. Mai gyara ya cike tsakar gidansa ya ɗaga shi sama da na kowa, ya malale da siminti, ya juya bututun ruwan rufi waje. Ruwan da ƙasa ke shanyewa a da, yanzu gindin katangar maƙwabci yake tafiya, ita kuwa ta ƙasa ce. A cikin tsohon birnin Zariya abin ya fi ciwo. Tsofaffin magina sun san bangon tubali da makuba ake kare shi, yana shan iska yana bushewa. Ka lulluɓe shi da siminti da tayil, danshi ya shige ba hanyar fita, bango na ruɓewa a ciki waje na walƙiya, ran da zai saki babu sallama.

Masu cewa kowa da dukiyarsa, kasuwa ce za ta raba gardama, ba su taɓa kwashe ruwa da bokiti cikin dare ba.

Akwai gyaran da ke biyan kuɗin sabulu, sai dai ba ya kyau a hoton da dillali ke turawa ta WhatsApp: rijiyar burtsatse, rufin da ba ya yoyo, lambatu da aka haɗa hannu da maƙwabta aka gina har bakin titi, da takardar mallaka ta KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna. Hukumar tsara birane ta jihar, wato KASUPDA, da masu unguwanni su daina bari ana ɗaga gida yadda aka ga dama. Mai saye kuma ya tambayi nawa aka sayar da gidan kusa, ba nawa aka nema ba.

Ƙanina ya ce wa dillalin zai dawo ya sake duba gidan ranar da aka tafka ruwa a watan Agusta. Dillalin ya ce kafin nan wani ya riga shi.