Kwana tara ana ce min "kashe ka kunna"

Wallahi idan wani ya sake ce min "kashe ka kunna" a wannan watan, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Kwana tara cur shagona ba intanet, alhali kuɗin wata tun ranar ɗaya ga wata na biya kamfanin intanet ɗin, ko sisin kwabo ba sa bi na. Na kira, na tura saƙo, na taka har ofishinsu, maganar dai guda ce kamar karatun aku.

Ɗan shagon buga takardu gare ni a Kano, irin wanda ake kira bizines santa. Kwamfuta bakwai, firinta biyu, da na'urar fotokofi ɗaya da ta girmi ɗana na fari. Taifin da fotokofi ba su ke riƙe shago ba yanzu. Abin da ke kawo kuɗin cefane shi ne rajista: ta jarrabawa, ta biyan kuɗin makaranta, cike takardar neman aiki, fitar da silif. Duk waɗannan ba sa yiwuwa sai da netwok. Shi ya sa na daina wahala da ƙaramar na'urar intanet ta aljihu, na ƙuƙuta na sa aka jawo min fayiba, wato wayar intanet mai aiki da haske, da alƙawarin cewa daga ranar na yi bankwana da ciwon kai.

Ranar Talata da hantsi abin ya tsaya cak. Mutum biyar na zaune a benci, ɗayansu tun daga Gezawa ya zo da 'yarsa. Na kira layin kula da masu hulɗa, aka yi ta kaɗa min kiɗa a kunne har katina ya kusa ƙarewa, sannan wata ta ɗauka.

"Yallaɓai, ka kashe na'urar, ka jira minti biyar, sai ka kunna."

"Baiwar Allah, tun safe na kashe na kunna ya fi sau goma."

"To ka ƙara gwadawa. A nan wajenmu komai lafiya yake nunawa."

Na ce mata akwai wata 'yar fitila a jikin rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shagon, tana ƙyaftawa ja, wadda ban taɓa ganin ta kunnu ba. Ba ta ko tambaye ni me aka rubuta a ƙarƙashinta ba. Ta ce an shigar da ƙorafina, injiniyoyinsu na kan aiki, in yi haƙuri. Laraba wani namiji ya ɗauka, ya maimaita min karatun daga farko har ƙarshe. Ku riƙe maganar jar fitilar nan, don a kanta duk takaicina yake.

Tun da masu abu sun ce lafiya lau, sai na ɗauka matsalar daga ɗakina take. Ranar Alhamis na kira wani mai gyara da ake ce wa injiniya a layinmu. Ya iso da jaka a kafaɗa da fulash rataye a wuya kamar laya. Bai kalli rauta ba, bai taɓa waya ba, bai tambaye ni yadda abin ya fara ba. Ya zauna gaban babbar kwamfutar, ya motsa linzami sau biyu, ya girgiza kai.

"Alhaji, bairos ne ya cinye maka sistem. Sai an yi fomatin."

Jama'a, wane irin bairos ne zai kama kwamfuta bakwai da wayoyin hannu huɗu a minti ɗaya? Wannan tambayar yanzu ta zo min. A lokacin ido ya rufe, kwastoma na tafiya shagon gaba, na ce ya yi. Ya goge biyu tas. Intanet bai dawo ba. Sai ya karɓi tsinken sakace, ya zura a ɗan ramin da ke bayan rautar, ya danne har fitilun suka mutu suka dawo. Ashe wannan dannawar ta share duk saitin da kamfanin ya zuba ranar da aka haɗa min layi, har da suna da kalmar sirrin da na'urar ke shiga wajensu da su. Da matsala ɗaya nake da ita, ya tafi ya bar min uku, ya kuma karɓi kuɗin aikinsa bai ko ji kunya ba. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni na biya kuɗin sandar.

Babbar kwamfutar nan ita ke raba firinta ga sauran, saboda haka bugawa ma ta tsaya. A cikinta kuma akwai furojet ɗin wata ɗaliba, babi huɗu da muka yi sati biyu muna bugawa. Da ta zo da yamma ta ce, "Malam, na zo a fitar min da babi na huɗu," sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Laifina a nan ba zan ɓoye shi ba: shekara da shekaru ina cewa zan sayi faifan ajiya na waje in riƙa kwafe aikin mutane, ban saya ba. Amma wane mai gyara ne zai goge kwamfutar kasuwanci bai ce, "Akwai abin da za a kwashe?" ba? Allah ya taimake ni tana da rubutun hannunta. Dare biyu na yi ina sake bugawa kyauta, da janareta, da man da kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Ranar Asabar ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ya zo gaishe ni, ya tarar da ni na yi tagumi. Yaron da na goya a kafaɗa. Ya ce, "Kawu, kafin a zargi kowa, a bi layin daki-daki tukuna, kamar mai neman inda famfo ke yoyo." Ya jawo kujera, ya ce in zauna kusa in gani da idona.

Ya buɗe wani baƙin allo a Windows, ya rubuta ipconfig. Lambobi suka fito. Ya nuna min cewa kowace kwamfuta tana da adireshinta, kuma rauta ce ke raba musu, kamar mai unguwa na ba gidaje lamba. Biyar sun nuna adireshin da ya fara da 192.168, wato sun gaisa da rauta lafiya. Biyu kuwa suka nuna 169.254. Ya ce duk inda na ga wannan, kwamfutar ta nemi adireshi ba a amsa mata ba, sai ta laƙaba wa kanta. Ya bi wayoyinsu da hannu. Ɗaya ɓera ya ci ta a bayan kabad. Ɗayar ya yanke kanta ya kankare silin da reza, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin ja: alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, aka sayar min a matsayin Cat6 na asali. Irin wannan wayar sili takwas ne a cikinta, ta ƙwarai tana kai mita 100 ba gardama, tawa kuwa mita 20 ma da ƙyar take kaiwa, ga karyewa a baki da an ɗan ja ta. Wannan tsohuwar cuta ce, watanni kwamfutocin nan biyu suna yi min wasa, ana ce min zafi ne.

Daga nan ya rubuta ping da adireshin rautar, 192.168.1.1. Amsa ta riƙa zuwa layi-layi. Ya ce, "Ka gani, Kawu, cikin gida lafiya." Ya sake rubuta ping 8.8.8.8, wata na'urar Google da ake gwaji da ita ko'ina a duniya. Shiru, sau huɗu tana cewa lokaci ya ƙure ba amsa. Ya ce da wannan ta amsa amma shafuka suka ƙi buɗewa, da sai mu ce matsalar DNS ce, wato mai fassara sunan shafi zuwa lamba, kuma gyaran minti biyu ne. Tun da ba ta amsa ba, daga rauta zuwa waje ne hanya ta yanke. Sai ya durƙusa ya leƙa jar fitilar, ya karanta haruffa uku da ke ƙarƙashinta: LOS. Ya yi dariyar takaici. Ya ce ma'anarta hasken da ke bin zaren fayiba ba ya isowa kwata-kwata. Ko dai an tsinke wayar a hanya, ko ta lanƙwashe, ko an zare ta daga akwatinsu. Ko shekara zan yi ina kashewa ina kunnawa, tsinkakken zare ba zai haɗe kansa ba.

Duk wannan binciken bai kai minti goma sha biyar ba. Ɗalibi ne fa, ko takardar kammalawa bai karɓa ba. To don Allah wadda aka ɗauka aiki, aka ba ta kujera da na'urar sanyaya ɗaki, aka ce ta amsa kiran masu fayiba, ba a koya mata ta tambayi launin fitila ba? Ni da bakina na faɗa mata tun ranar farko! Da ta ce min, "Yallaɓai, wayarka ce ta tsinke, kada ka taɓa komai, za mu turo," da ba a goge min kwamfuta ba, da furojet ɗin yarinyar mutane na nan, da tsinken sakace bai shiga rautata ba.

Muka fita muka bi wayar daga fol zuwa fol. Ba mu yi tafiyar minti biyar ba muka iske inda ake haƙa magudanar ruwa a bakin titi. Ga wayar nan baƙa, siririya, a yashe cikin jar ƙasa, an raba ta biyu, wani ma ya ɗaure bakin a jikin ƙarfen rumfar mai shayi don kada ta harɗe mutane. Mai shayin ya ce tun Talata motar haƙa ta fizge ta. Na ɗauki hoto, na tura musu da kwatancen wurin tiryan-tiryan. Aikinsu na yi musu kyauta. Amsar da ta dawo: in tabbatar na kashe na'urar na kunna.

Ba wai ban san uzuri ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijeriya da Ghana da maƙwabta duk sun ji a jika, har manhajojin banki suka riƙa ƙin buɗewa. Ban zagi kowa ba a lokacin, don gyaran sai da jirgin ruwa, kuma an fito an faɗa wa duniya abin da ya faru. Wannan kuwa ba teku ba ce, kwata ce a bayan shagona. Na kuma san masu aikin titi na yi wa kamfanonin sadarwa ɓarna, shi ya sa ma a 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar da ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. To su je su yi shari'arsu da mai motar haƙa. Ni abin da ke tsakanina da su rasit ne. A watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, hujjar da aka ba mu ita ce aiki zai inganta. Ƙarin bai yi lattin kwana ɗaya ba wajen iso mu.

Akwai layin 622 da hukumar ta ware don wanda kamfaninsa ya ƙi sauraron sa, amma ana so ka fara kai kuka wajen kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi. Sau uku ina neman wannan lamba. Yau a ce za a turo ta saƙo, gobe a ce sistem ɗinsu na da matsala. Kamfanin intanet fa, shi ma wai netwok ya hana shi aiki.

Kafin nan na koma kan tsohuwar na'urar aljihu don kada shago ya mutu. Na loda data mai tsada da daddare, da safe na tarar saura ƙiris. Kwamfutocin da injiniya ya goge ne suka kwana suna jan sabuntawa, don bai saita su a matsayin masu amfani da data ta awo ba, abin da yaron ya yi da dannawa uku. Wannan injiniyan dai shi ne ya taɓa ce min in yar da wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙin buɗe shafuka, wai tun da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 ta gama yawo, kuma yana da wata ta sayarwa. Yaron ya duba kusurwar allo, ya ga kwanan watanta ya koma shekarun baya. Ɗan batirin cikinta ne ya mutu, mai kama da kwabo, CR2032, wanda masu gyaran agogo ke sayarwa. Agogo na daidaituwa shafuka suka buɗe.

Ranar Laraba ta biyu, wajen la'asar, sai ga samari biyu a kan babur da tsani da ɗan akwati. Suka feƙe bakin zaren, siriri kamar gashin kai, suka sa a na'urar haɗi, suka naɗe, suka ɗaga wayar sama. Ko minti arba'in ba su yi ba. Jar fitila ta mutu. Intanet dai bai zo ba, saboda aikin tsinken sakace, sai da suka kira ofis aka karanto musu saitin suka sake zubawa. Na tambayi babban cikinsu yaushe aka ba su aikin. Ya duba wayarsa ya ce, "Yau da safe, Alhaji." Da za su tafi ƙaramin ya sosa ƙeya ya ce a taimaka musu da na mai. Na ba su, don ba su suka yi min laifi ba, kuma da ganin takalmansu ka san su ma kura ce da shan bugu, gardi na ofis yana karɓar kuɗi.

Washegari na rubuta takarda, na haɗa da hoton wayar da jerin ranakun da na kira, na kai ofishinsu da kaina, na ce a mayar min da kwana tarana. Wanda na samu a kanta ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce manaja ya fita, kuma a tsarinsu ba a tsayar da lissafin wata. Na ce ya buga min hatimi a kwafina, ya rubuta lambar ƙorafi a kai. Ya ce mai hatimin ya tafi salla. Na ce ni ma alwala gare ni, zan jira. Ina zaune a kan bencinsu wayata ta yi ƙara, na duba: saƙo ne daga kamfanin, wai kuɗin watana zai ƙare nan da kwana uku, in hanzarta biya don in ci gaba da more ingantaccen sabis ba tare da yankewa ba.