Wayarki cike da fuskarki, ina hoton ɗanki?

Ranar Asabar da ta wuce na je suna a unguwar Nima da ke Accra, kuma har yau abin da na gani yana ci mini rai. An kafa rumfa an tare layi, mata sun sha anko, kiɗa na tashi. Can gefe kakar mai jego, tsohuwar da ta haura shekara 80, wadda ta taso takanas daga Aboabo ta Kumasi, tana zaune a tabarma an ɗora mata jaririn a cinya. Tana tofa masa addu'a, tana shafa ɗan kansa da wanzami ya aske da safe, idonta ya ciko da ƙwalla. Waya kuwa ga ta nan a hannun kowa, amma ko ɗaya ba ta juyo wajen tsohuwar nan ba. Kowace ta ɗaga tata sama, ta karkace wuya, ta turo baki, tana ɗaukar kanta. Har da mai jegon.

Ƙannena, wannan wace irin rayuwa ce? Allah Ya nuna miki ɗanki a cinyar kakarki, abin da wasu ke roƙo da kuka ba su samu ba, ke kuma hankalinki na kan ɗaurin ɗankwalinki. Karɓi wayar yarinya mai 'ya'ya uku ki duba: ita ce a biki, ita ce a bakin teku a Labadi, ita ce jingine da motar da ba tata ba. Yaro ba ya shiga hoto sai ranar Sallah, shi ma sai an tsawata masa ya tsaya ƙiƙam, an goge masa fuska da manhaja har ya koma fari fat kamar ba jininki ba. Kada ma a tabo zancen man bilicin, da bashin da ake ci don ɗinkin anko alhali kuɗin makarantar allo ya gagara. Wannan ciwo ne na daban.

Wanda aka ɗauka ɗin ma ina yake zuwa? A ɗora a status na WhatsApp, bayan awa 24 ya ɓace, shi ke nan. An ɗauka ne don idon mutane, ba don gida ba. Wata ƙawata aka zare wa waya a cunkoson Circle, babbar mahaɗar hanyoyi ta Accra, hotunan ɗanta tun daga ranar haihuwa har yaye duk suka tafi. Ko ɗaya ba ta taɓa wankewa ba, ba ta tura wa kowa ya ajiye ba. Bayan wata biyar zazzaɓi ya ɗauke yaron. Gida-gida ta riƙa bi tana tambaya ko wani na da hotonsa. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Ba zan shiga hurumin malamai kan rataya hoto a bango ba, kowa ta tambayi malaminta. Ni godiya nake magana a kai. Kullum bakinmu ƙorafi: yara sun hana barci, wanki ya yi yawa, ruwa bai zo ba. Gaskiya ne, raino ba wasa ba ne. Amma akwai wani hoton 'yata da nake da shi, tana shekara biyu, ta kifar da koko a jikinta, ƙosai a hannu, tana dariya da haƙora huɗu. A ranar faɗa na yi mata har maƙwabta suka leƙo. Yau tana aji uku a sakandare, kuma duk sanda na kalli hoton sai na ji Alhamdulillahi ta fito mini tun daga cikin ciki. Ashe ni'ima nake ciki ina tsaki.

Iyayenmu ba su da waya, amma sun san darajar abin. Sai a tara kuɗi, a yi wa yara wanka, a tafi shagon mai hoto. A shekarun 1950 mai hoto James Barnor ya riƙa ɗaukar mutanen gari a shagonsa na Ever Young a unguwar Jamestown, ga shi har Landan an baje hotunan an kalla. Mma, mahaifiyata, tana da kundi guda, a cikin leda, a saman kwaba. Daren ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya shigo mana ɗaki har gwiwa, shi ta fara cewa a duba. A bayan kowane hoto an rubuta suna da shekara da ajami. Ta nan na san fuskar kakana mai fataucin goro, wanda ban riska ba. Hoto bai fi 40 ba a ciki, amma babu na banza. Mu masu dubbai me za mu miƙa wa jikoki? Bakin da muka turo?

Ku ji tsoron Allah ku juya wayar nan. Ku ɗauki yaro yana rarrafe a tsakar gida, yana riƙe da allo, yana barci a bayan kakarsa, ku wanke ko kaɗan ne ku adana. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Washegarin sunan, da asuba, aka raka tsohuwar nan tashar motar Kumasi. Na tambayi mai jegon ko wani ya ɗauke su tare da jaririn. Ta daɗe tana latsa waya, sannan ta ce wai sai in ta sake zuwa.