Karen naka ne, amma takardar ƴaƴansa tana hannun wani

Duk mai bibiyar harkar karnuka masu takardar asali ya san rigimar nan da bata ƙarewa tsakanin masu kiwo da masu saye. Mutum ya sayi kwikwiyo da kuɗinsa, ya raina, ya kai asibiti, ya sha wahala har ta zama cikakkiyar karya, ranar da yace bari ta haihu ko sau ɗaya ne sai ya tarar ashe tun ranar da aka yi mata rajista an ɗaure takardar, duk abinda ta haifa ƙungiyar rajistar karnuka ba za ta yi masa rajista ba. Ya kira wanda ya sayar masa, wancan yace ai na faɗa maka, shi kuma ya rantse ba a faɗa masa ba, ko kuma an faɗa amma ance masa kar ka damu in ta girma za mu cire. Shikenan sai zage zage da tonon silili, mutanen da jiya suke tura wa juna hoton kare yau kowa ya toshe lambar ɗan uwansa.

Ni dai tun farko bari in faɗi inda na tsaya, ina goyon bayan mai kiwo ya sa takunkumin nan. Abinda bana goyon baya, kuma wallahi yana min ciwo, shine a sa shi ba tare da an rubuta yadda za a cire shi ba, a bar mai saye yana rataye da alƙawarin baki.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba. A Ingila ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa tun 1873, ta ba mai kiwo damar sa sharaɗi iri biyu a rajistar kwikwiyo, ɗaya ana nuna shi da harafin R wato ƴaƴan da karen zai haifa ba su cancanci rajista ba, ɗaya kuma harafin X wato ba za a ba shi takardar asali ta fita ƙasar waje ba, kenan ko ka tafi da shi wata ƙasa zai yi maka wuya ka shigar da shi rajistar can. A Amurka takwararta ƙungiyar AKC, wadda aka kafa a 1884, tana da rajista mai iyaka, karen yana da takarda, zai iya shiga gasar biyayya da ta tsalle tsalle, amma ba zai shiga gasar nuna siffa ba kuma ƴaƴansa ba rajista. Takardar ma launin gefenta daban ne, mai iyaka ruwan lemo, cikakkiya kuma shunayya, wanda ya sani da kallo ɗaya zai gane, wanda bai sani ba kuwa zai riƙe ta yana murna har ya sa ta a firam. A Kanada yarjejeniyar hana haihuwa ake sa wa hannu, a Ostireliya ma rajista biyu ce babba da mai iyaka. Kusan duk inda ka je ƙa'idar ɗaya ce, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, shi ke da wuƙa shi ke da nama.

To me yasa nake cewa masu kiwo suna da gaskiya? Saboda kwikwiyo ɗan sati takwas babu wanda ya isa ya gaya maka me zai zama. A lokacin duk kyawawa ne, duk ƙiba ne da wasa. Ciwon ƙugu da ke addabar manyan karnuka irin su Labrador da German Shepherd baya nuna kansa a wannan shekarun, shi yasa a tsarin likitocin dabbobi na Ingila ba a ɗaukar hoton ƙugu don ba da maki sai kare ya cika wata 12, kowane ƙugu maki daga 0 zuwa 53, jimla 106, ƙarancin makin shine lafiyar. A Amurka ma cibiyar OFA mai tantance lafiyar ƙugun karnuka sai kare ya cika shekara 2 take ba da cikakkiyar shaida. Ga ciwon ido na gado da ke makantar da kare a hankali, ga ciwon zuciya da ya yi katutu a jinsin Cavalier King Charles, jinsin da a 2023 kotun ƙolin Norwe ta ce kiwonsa ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi. Mutumin da ya kwashe shekaru yana gwaji yana tace jininsa, yana barin karyar da yake ƙauna ba tare da ta haihu ba don makinta bai yi ba, kace ya sakar maka wannan jinin ka je ka haɗa da duk karen da ka gani a layi, sannan sunan gidansa ya fito a takardar kwiyakwiyan da za su gurgunce nan da shekara uku? Haba. Ko ni ne ba zan yarda ba.

Sannan akwai masu sayen karya don kawai su mai da ita injin haihuwa, wannan ba ƙage bane, lokacin korona a 2020 da farashin kwiyakwiyai ya yi tashin gwauron zabi kowa ya ga yadda mutanen da basu taɓa kwana a gaban karya mai naƙuda ba suka zama masu kiwo dare ɗaya. Kennel Club da kanta tana da iyakoki, bata rajistar haihuwa in karyar bata cika shekara ɗaya ba lokacin barbara, ko ta kai shekara 8, ko ta riga ta haihu sau 4, ko an taɓa yi mata tiyatar ciro ƴaƴa sau 2. Amma wannan shine mafi ƙarancin abinda ake nema, mai kiwo na kirki yana son abinda ya fi haka ga ƴar da aka haifa a hannunsa.

Yanzu ga inda nake rabuwa da su. Ku duba yadda cinikin yake faruwa. An biya kafin alƙalami tun kwikwiyon yana sati uku ko huɗu, an yi ta turo bidiyo, yara sun raɗa masa suna, an sayi gado da igiya. Ranar ɗauka iyali sun yi tuƙin awa uku sun iso, yarinya ta rungume kwikwiyon yana lasar mata kunne, uban yana tsaye yana lissafin hanyar komawa, sai a turo masa tarin takardu, ta allura, ta na'urar shaida da aka sa a ƙarƙashin fata, ta inshora, jadawalin ciyarwa, a tsakiyarsu akwai wata mai layi biyu, a ce sa hannu nan da nan. Ya sa. Waye zai ce wa yarinyar nan ajiye shi mu tafi? A ƙa'idar Kennel Club wannan sa hannun ya wadatar, don abinda suke nema shine mai saye ya tabbatar a rubuce cewa ya san da takunkumin kafin ko a ranar da aka miƙa masa karen, in babu wannan shaidar ne ƙungiya za ta iya cirewa ko mai kiwo bai so ba. To a takarda an bi ƙa'ida, amma tsakani da Allah wannan ba sanarwa bace, an jira ne sai da mutum ya kai inda ba zai iya juyawa ba.

Mafi muni shine kalmar nan ta za mu duba in lokaci ya yi. Duba me? Wa zai duba? Mai saye ya ɗauka in ya yi gwaje gwaje suka fito da kyau shikenan, ya kashe kuɗi a hoton ƙugu da gwiwar hannu, ya kai likitan ido, ya aika yawu a yi gwajin ƙwayoyin gado, komai ya fito fes, ya tura sakamako cike da ɗoki, sai amsa ta dawo wai kunnenta bai zauna yadda nake so ba, ko sai dai ka yi amfani da namijin gidana a farashin da na yanka, ko ka bani kwikwiyo biyu da zan zaɓa da kaina, ko kawai ka ƙara kuɗi kaza. Babu ɗaya daga ciki da aka ambata ranar ciniki. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma wanda yake yin haka ya daina fakewa da lafiyar jinsi, kasuwarsa yake karewa, baya son wani ya fito da jininsa ya rage masa masu saye. In haka ne ya fito fili ya faɗa tun a talla, cewa ni bana cire takunkumi har abada, wanda ya ga zai iya ya saya, wanda bai iya ba ya nemi wani. Wannan ni bani da matsala da shi ko kaɗan, mutunci ne ma.

Kuma in rigima ta tashi kar ka zata ƙungiya za ta raba ku. Su masu ajiye rajista ne, basa shiga tsakanin yarjejeniyar mutum biyu, sai dai su ce ku je ku sasanta ko ku nemi lauya. A idon doka kuwa kare dukiya ne, abinda aka rubuta shi alƙali zai fi kamawa, maganar da aka yi a bakin ƙofa ana dariya kowa da yadda zai tuna ta bayan shekara biyu.

Masu saye ma ba wanke su zan yi ba. Akwai wanda ya san sarai an gaya masa, ya ma roƙi ragi da sunan ni na gida kawai nake so, ba ruwana da kiwo, bayan shekara ɗaya ya ga kuɗin da ake samu ido ya buɗe sai ya fara ihun an cuce shi. Akwai kuma mai cewa ai kuɗina ne, abinda na ga dama zan yi. Eh karen naka ne, amma sunan da ke takardar da aikin da aka yi kafin a haife shi ba kai ka yi ba, kuma ka sa hannu da idonka biyu.

Wani abin da ban cika jin ana faɗa ba, takunkumin nan fa baya hana ciki. Takarda kawai yake hanawa. Wanda ya yi niyya zai haɗa karyarsa, ya sayar da kwiyakwiyan yace iyaye masu takarda ne, masu saye kuma su kwashe, ko ya kai su wata ƙaramar rajista da bata tambayar komai. Kenan mugun da ake son a tare ya wuce abinsa, wanda ya maƙale shine mai son bin ƙa'ida, wanda ya yi gwaji ya zo yana neman izini. In ka wulaƙanta irin wannan me ka koya masa? Ka koya masa gara da bai tambaya ba. Su kuma kwiyakwiyan da aka haifa a bayan fage sun fita daga lissafi, in ciwon gado ya ɓulla a cikinsu babu mai iya bin sawu ya gano daga ina ya fito.

Ga kuma illar da take taɓa jinsin gaba ɗaya. Yawancin rajistocin nan a rufe suke, ba a shigo da sabon jini daga waje, in aka haifi kwiyakwiyai takwas aka ɗaure bakwai aka bar ɗaya, a haihuwa ta gaba ma haka, a kowane gida haka, ga kowa yana rububin namiji ɗaya da ya ci gasa, to jinin ƙara tsukewa yake yi, dangi na auren dangi ko ba a so ba. Sai a 2009 Kennel Club ta daina rajistar haihuwar uba da ƴa, uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa, bayan surutun da ya biyo wani shirin BBC na 2008 kan lafiyar karnuka masu asali. Lafiyayyar karya mai hali mai kyau da ke zaune a gidan wani wanda ba ɗan gasa ba, ita ma tana da abinda za ta ba jinsinta, hana ta don mai ita ba ɗan ƙungiyarku bane asara ce ga kowa.

Sannan ku tuna da mai saye na biyu. Rayuwa tana juyawa, aure ya mutu, aiki ya ƙare, an sayar da karen ko an bayar. Takunkumin yana bin karen duk inda ya je, sabon mai shi bai taɓa ganin mai kiwon ba, bai sa hannu a komai da shi ba, wataƙila ma mai kiwon ya bar harkar ko ya canza gari ko ya rasu. Da an rubuta sharuɗɗa tun farko da wannan bawan Allah ya san abinda zai cika da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Shi yasa nake ganin gyaran yana hannun ƙungiyoyin rajista, don sune suka ba mai kiwo wannan ikon. Kar su karɓi takunkumi sai da fom ɗin da aka cike aka sa wa hannu kafin a karɓi ko sisi na kafin alƙalami, a ciki mai kiwo ya zaɓi ɗaya, ko dai har abada ne, ko kuma ga abinda za a cika, shekarun karya kaza, makin ƙugu kar ya wuce kaza, gwajin ido da na gado su fito lafiya, in akwai ƙarin kuɗi a rubuta adadinsa, in yana son a shawarce shi kan namijin da za a haɗa a rubuta iyakar bakinsa. Kofi ɗaya a wajen mai kiwo, ɗaya a wajen mai saye, ɗaya a ajiye a ƙungiya. Ranar da mai karen ya kawo sakamakon da ya cika abinda aka rubuta, ƙungiya ta sanar da mai kiwo ta ba shi ƴan makonni in yana da hujja ta lafiya ya kawo, in babu ta cire da kanta ba sai an je ana roƙon kowa ba.