Rikicin bindiga a Amurka ya koma hannun alƙalai tara

A watan Mayun 2022 wani matashi ya kutsa makarantar firamare a garin Uvalde na jihar Texas, ya harbe yara 19 da malamai 2. Ranar 23 ga Yuni, tun hawayen iyaye bai bushe ba, Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar New York mai shekara sama da 100, wadda ta wajabta wa mai son yawo da ƙaramar bindiga ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi lasisi. Bayan kwana biyu Joe Biden ya sa hannu a kan dokar bindiga mafi girma da majalisar ƙasar ta yi cikin kusan shekara 30. Majalisa na ɗinki, kotu na farkewa.

Babbar illar wannan hukunci, da ake kira Bruen, tana cikin ma'aunin da Mai shari'a Clarence Thomas ya shimfiɗa. Kowace dokar bindiga sai an samo mata tushe a tarihin ƙasar, musamman zamanin da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na biyu, wanda ya ba jama'a 'yancin mallakar makami, a 1791. An hana alƙali auna yawan rayukan da doka za ta ceta. Aikinsa ya koma tonon tsofaffin kundaye na lokacin da ake ɗura wa bindiga albarushi ta baki, don ya yanke hukunci a kan wadda ke ɓarin harsashi 30 kafin ka ƙifta ido sau biyu.

Ba a jima ba aka ga inda hanyar ta nufa. A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce haramun ne a karɓe bindigar mutumin da kotu ta nesanta shi da matar da yake cin zarafinta, wai magabata ba su yi irin wannan doka ba. Sai a 2024 Kotun Ƙoli ta gyara ɓarnar a shari'ar Rahimi, alƙalai 8 suka rinjayi 1. Wannan ɗayan kuwa Thomas ne da kansa.

'Yan Republican sun riga kowa gane cewa kujerar alƙali ta fi ta sanata tsada. Hukuncin Heller na 2008, da ya tabbatar wa mutum 'yancin ajiye bindiga a gida, da ƙuri'a ɗaya ya tsallake. Da alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu a 2016, Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican a majalisar dattawa a lokacin, ya ƙi ko sauraron wanda Obama ya zaɓa ya gaje shi. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta zuba kusan dala miliyan 30 don Trump ya ci, shi kuma ya naɗa alƙalai uku, dukkansu suka mara wa Bruen baya.

Shi ya sa nake ganin alƙawarin 'yan Democrat na hana manyan bindigogi ya rage nauyi. New York ta yi maza ta hana shiga wurare irin su dandalin Times Square da makami, ba a jima ba aka maka dokar a kotu. Gwamna zai iya cin zaɓe da gagarumin rinjaye, majalisarsa ta amince, amma dokar ba za ta zauna da gindinta ba sai alƙalai biyar daga cikin tara, waɗanda babu wa'adi a kujerarsu, sun yarda.