Manhajar lura da injuna ba ta san ƙurar Tahoua ba

A masana'antar da nake aiki a Beljiyam, da zarar inji ya tsaya, manhajar da ke lura da shi takan rubuta lokacin da kanta, sannan ta nemi ma'aikaci ya zaɓi dalili a jikin allo: lalacewa, canjin kayan aiki, gyara ko ƙarancin kaya. Ɗaukewar wuta tana can ƙasan jerin, domin abu ne da ba safai yake faruwa ba a nan. Wannan jerin ne nake gudun masana'antun Yamai da na jihar Tahoua su saya tare da manhajar, su kafa shi yadda ya zo.

A gida Nijar, wuta ce ya kamata ta zo a farko, kuma a raba ta gida-gida, saboda ɗaukewarta gaba ɗaya daban ce da raguwar ƙarfinta da ke ƙona injuna, haka ma jinkirin tashin janareto. Wanda ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da Nijar ke samun mafi yawan lantarkinta daga gare ta, ya san cewa wannan ba ƙaramin babi ba ne. Jiran kayan gyara shi ma yana buƙatar gurbinsa. A nan Beljiyam ƙarfen da aka nema yau yakan iso gobe, amma a ƙasar da ba ta da teku, wadda kayanta ke bin doguwar hanya daga tashar jiragen ruwa ta Lome a Togo, injin da makaniki zai gyara cikin awa biyu yana iya kwana makonni. Idan aka rubuta wannan duka a matsayin lalacewa, makanikai ne za su sha zargi a banza.

Sai yanayin aiki. A wajen yin siminti, irin wanda aka san garin Malbaza na jihar Tahoua da shi, zafin tanderu yakan kai kusan digiri 1450, kuma idan ya huce, sake ɗumama shi yana cin lokaci da makamashi mai yawa. Saboda haka ya kamata a riƙa adana ma'aunin zafi, girgizar inji da ƙarfin wuta tare da lokacin kowace tsayawa, a haɗa da zafin gari da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe matatun iska.

Abin da ya fi damuna shi ne gurbin "wani dalili", wanda ake dannawa idan dalilin ba ya cikin jerin. Ma'aikacin da aka ba dogon jeri da Faransanci, kuma yake zaton za a rage masa albashi, nan zai riƙa dannawa, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Gara a zauna da masu tuƙa injunan a tsara gajeren jeri da Hausa da Zabarmanci, a kuma tabbatar musu cewa ba za a hukunta kowa da abin da ya danna ba.